Baƙin Rami Ba Ya Cin Abinci Cikin Natsuwa

Duk direban da ya taɓa shiga shataletale ya san dokar da ba a wasa da ita: kowa ya bi hannu ɗaya. Ranar da wani ya shigo ta baya, ranar za a ji ƙarar ƙarfe. A watan Oktoban 2019, wasu masana sararin samaniya ƙarƙashin jagorancin Violette Impellizzeri suka ba da rahoton wani shataletale da ake bi ta hannu biyu a lokaci guda. Motocinsa gajimaren gas ne masu sanyi, abin da ke tsakiyarsa kuwa baƙin rami ne da ya fi rana nauyi sau miliyoyi. Gas ɗin da ke ciki, daga nisan tafiyar haske ta shekara 2 zuwa 4 daga ramin, yana juyawa ta wannan gefe. Wanda ke waje, daga shekara 4 zuwa 22, yana juyawa ta wancan.

Wurin da wannan ke faruwa wani garken taurari ne da ake kira Messier 77, ko NGC 1068 a wani kundin. Tsakaninmu da shi tafiyar haske ta kusan shekara miliyan 47 ce, haske kuwa yana cin kilomita 300,000 a daƙiƙa ɗaya. Yana zaune daidai tsakiyar sama, cikin jerin taurarin da ake kira Cetus, don haka mutumin Kano ko na Damagaram yana iya samunsa da daddare a farkon hunturu, idan yana da ɗan madubin hangen nesa kuma hazo bai yi kauri ba. Ba zai ga wani abin a zo a gani ba. Wani ɗan farin tabo ne mai ƙwayar haske a ciki. Bafaranshen da ya fara ganinsa a 1780, Pierre Méchain, shi ma abin da ya gani ke nan.

Ƙwayar hasken nan ita ce maganar. A 1908 Edward Fath, a cibiyar Lick da ke Kalifoniya, ya rarraba hasken zuwa launukansa kamar bakan gizo, ya tarar da layuka masu ƙyalli waɗanda taurari kaɗai ba sa bayarwa. A 1943 Carl Seyfert ya tattara garkuna shida masu irin wannan tsakiya mai zafin haske, Messier 77 na cikinsu, kuma har yau da sunansa ake kiran ire-irensu. Sai a 1969 Donald Lynden-Bell na Ingila ya shimfiɗa bayanin da ya zauna: akwai baƙin rami mai girman gaske a tsakiya, gas na gangarowa gare shi, yana gugar juna, yana zafi, yana haske kafin ya faɗa. Wannan hanya ta fi wutar da ke cin cikin rana riba nesa ba kusa ba. Rana tana mayar da ƙasa da kashi 1 cikin 100 na nauyin makamashinta zuwa haske, gas mai faɗawa baƙin rami kuwa yana iya ba da kusan kashi 10. Shi ya sa wuri ɗan ƙarami yake iya ƙure taurari biliyoyi da haske.

Kusan kowane babban garke yana da irin wannan rami a cibiyarsa, amma yawancinsu a kwance suke shiru. Waɗanda ake ce wa masu aiki su ne waɗanda abinci ke isa bakinsu a halin yanzu. Tambayar da ta daɗe tana cin masana ita ce yadda abincin ke isa.

Mutane da yawa suna ɗaukar baƙin rami kamar wata rijiya mai zuƙe duk abin da ya gifta. Ba haka ba ne. Yaro mai majajjawa ya fi kusa da gaskiyar lamarin: igiya tana jan dutsen zuwa hannunsa, amma muddin dutsen yana juyawa ba zai taɓa zuwa hannun ba. Duniyarmu tana zagaya rana da gudun kilomita 30 a daƙiƙa, shekara biliyan huɗu da rabi ke nan, ba ta faɗa ba. Gajimaren gas da ke zagaye a nisan dubban shekarun haske daga tsakiyar garke, in har zai kai bakin ramin, sai ya zubar da kusan dukkan ƙarfin juyawarsa, ya miƙa wa wani abu dabam. Wa zai karɓa, kuma ta yaya? A kan wannan ake bin sawun gas mai sanyi, domin shi ne rumbun abincin.

Gidan rediyon hayaƙin janareta

Matsalar ita ce gas ɗin ba ya son a gan shi. Mafi yawansa haidirojin ne wanda ƙwayoyinsa suka haɗu bibbiyu, a sanyin da ya kai digiri 250 ƙasa da sifiri ko fiye. A irin wannan sanyi haidirojin bebe ne, ba ya fitar da wata alama da na'ura za ta kama. Sai dai ba shi kaɗai yake tafiya ba. Cikin kowace ƙwaya dubu goma tasa akan sami kamar ɗaya ta kabon monoksaid, wato gubar nan ta hayaƙin janareta da ke kashe mutane a ɗakin da aka rufe. Ita kuwa bakinta ba ya shiru. Tsofaffin masu sauraron rediyo sun san tasha a kan mita 19 ko mita 25. To, kabon monoksaid tana watsa shirinta a kan milimita 2.6, wato megahaz 115,271, sama da ninki dubu na tashoshin FM. Robert Wilson da Keith Jefferts da Arno Penzias ne suka fara kama wannan tasha a 1970, daga gajimaren Orion.

Akwai wani ɗan rakiyar kuma, haidirojin sayanaid, gubar da ke cikin rogo mai ɗaci wadda ake jiƙawa don ta fita. Wannan ba ya magana sai inda gas ya cunkushe ƙwarai, shi ya sa masu leƙen kusa da baƙin rami suke sonsa. Abin dariya ne a ce guba biyu ne manyan shaidun wannan fage, amma haka abin yake.

Motsin kuma da sauti ake kwatanta shi. Jiniyar motar asibiti tana sirancewa idan ta nufo ka, ta yi kauri idan ta wuce. Haka tashar gas take ɗan gusawa sama idan gajimaren yana nufo mu, ta gusa ƙasa idan yana nisanta. Christian Doppler ne ya bayyana wannan a 1842. Masana suna shafa wa mai zuwa shuɗi, mai tafiya ja. Faifan da ke juyawa lafiya sai ya fito rabi shuɗi rabi ja, da layi miƙaƙƙe a tsakani. Duk inda launin ya karkace ko ya juye, akwai labari.

Kafin a iya ganin wannan a tsakiyar garke mai nisa sai da aka hau dutse. Tururin ruwa da ke cikin iska yana shanye waɗannan zangunan, saboda haka aka nemi wurin da ya fi ko'ina bushewa, aka samu tudun Chajnantor a hamadar Atacama ta ƙasar Chile, mita 5,000 sama da teku. Iskar shaƙa a can kusan rabin ta ƙasa ce, ma'aikata ma a wani sansani suke zaune, a mita 2,900. A kan tudun aka jera faranta 66, irin dish ɗin talabijin amma 54 daga ciki faɗinsu mita 12 ne, sauran 12 kuma mita 7. Sunan na'urar ALMA, ta haɗin gwiwar Turai da Amurka ta Arewa da Gabashin Asiya da Chile. Ta fara aiki a 2011, aka ƙaddamar da ita a Maris 2013. Kowane babban faranti ya kai tan 100, kuma akwai wasu manyan motoci biyu masu taya 28, Otto da Lore, da ke ɗaukarsu suna sauya musu wuri. Idan aka baza su har tazarar kilomita 16, kaifin ganinsu ya kai a ce mutum yana Kaduna ya hango ƙwayar goro a Kano.

Gammon da aka zana kafin a gan shi

Tun kafin ALMA, masana suna da hoto a ransu. A 1985 Robert Antonucci da Joseph Miller, su ma a Lick, suka tace hasken Messier 77, suka ware ɗan abin da ya fara bugun wani abu kafin ya juyo gare mu. Kamar mutum ne a tsakar gida ba ya ganin fitilar da ke cikin ɗaki, amma yana ganin haskenta a jikin bango. A cikin wannan haske na bango suka ga alamun gas mai gudun dubban kilomita a daƙiƙa, irin wanda ke dab da baƙin rami. Ashe yana nan, wani abu ne ya tare mana shi. Suka ce abin wani zobe ne mai kauri na gas da ƙura, siffarsa kamar gammon da mai tallan ruwa ke ɗorawa a ka. Wanda ya leƙa ta saman gammon zai ga wutar kai tsaye, wanda ya duba ta gefe ba zai gani ba. Da wannan aka haɗe nau'o'in garkuna da dama da ake ɗauka daban-daban ne, aka ce abu ɗaya ne, wurin tsayuwar mai kallo ne ya bambanta.

Shekara talatin ana zana wannan gammo a littattafai, sumul, zagayayye, ba wanda ya taɓa ganinsa. Kuma akwai abin da ba ya shiga a cikin zanen. Gas mai sanyi da ke juyawa ya kamata ya baje ya zama faifai siriri cikin ɗan lokaci. Me ke riƙe da kaurinsa?

Cewa gas na iya zama faifai siriri kuwa an riga an gani da ido. A garken NGC 4258 akwai tururin ruwa da ke fitar da siginar rediyo mai ƙarfi a kan santimita 1.35, ɗigo-ɗigo kamar fitilun kan hanya. A 1995 Makoto Miyoshi na Japan da abokan aikinsa suka ba da rahoton auna su da faranta goma da aka baza daga Hawai zuwa tsibiran Karibiyan. Ɗigogin suka jeru a faifai siriri, na ciki suna gudun kusan kilomita 1,000 a daƙiƙa, na waje suna raguwa daidai yadda lissafin Kepler ya tanada ga abin da ke zagaya nauyi guda. Lissafin ya ba da nauyin rana miliyan 36 a cikin wurin da bai kai tafiyar haske ta shekara ɗaya ba. Wannan yana cikin hujjoji mafi tsafta da aka taɓa samu a kan samuwar manyan baƙaƙen ramuka. Amma tsaftar tasa ta sangarta mutane, suka zaci ko'ina haka za a tarar.

A Messier 77 ba haka aka tarar ba. Santiago García-Burillo na cibiyar nazarin taurari ta ƙasar Sifaniya ya juya ALMA gare shi, sakamakon ya fito a 2014. Daga nesa komai na tafiya bisa tsari: taurarin tsakiyar garken sun jeru kamar sanda, sandar tana juyawa tana janye ƙarfin juyawar gas, tana tura shi ciki, inda ya taru a wani babban zobe da ake haihuwar sababbin taurari. Amma da aka matsa ciki, tsakanin shekarun haske 160 zuwa 1,300 daga ramin, sai launukan suka juye. Gas ɗin fita yake yi, ba shiga ba, kimanin nauyin rana 63 a kowace shekara, iska da feshin da ke fitowa daga bakin ramin suna kora shi. A wannan gudu, rumbun da ke kewaye da tsakiyar zai ƙare cikin shekara miliyan ɗaya ko ƙasa da haka, in ba a ƙaro daga waje ba.

A 2016 tawagar tasa ta kai ga gammon kansa. Faɗinsa shekarun haske 20 zuwa 30, nauyinsa kamar rana dubu ɗari. An gan shi a ƙarshe, amma bai yi kama da zanen littafi ba: a karkace yake, gas ɗinsa a hargitse, juyawar ma sai an ƙura ido ake gane ta. Bayan shekara uku Impellizzeri, tare da Jack Gallimore na jami'ar Bucknell da wasu, suka ƙara kaifin gani da siginar haidirojin sayanaid, suka fito da labarin shataletalen nan. Faifan ciki yana bin hannun da ɗigogin tururin ruwa na wannan garke suke bi, na waje yana saɓa masa.

Gas ba ya juya baya haka kawai. Bayanin da suka kawo shi ne baƙo ne ya shigo: ko wani gajimare da ya gangaro daga jikin garken ta wata kusurwa dabam, ko wani ƙaramin garke da ya gifta aka cafke shi. In haka ne, zaman ba mai ɗorewa ba ne. Da zarar gefen faifan waje ya goga na ciki, ƙarfin juyawar wannan zai kashe na wancan, kamar raguna biyu da suka yi karo suka tsaya cik, gas ɗin ya zube cikin ramin gaba ɗaya. Abin da ya sa aka damu da wannan shi ne wata tsohuwar matsala: an ga baƙin rami mai nauyin rana biliyan 1.6 a lokacin da sararin samaniya bai wuce shekara miliyan 670 da farawa ba. Da cin ɗan kaɗan-kaɗan ba a yin irin wannan ƙiba cikin wannan lokaci. Karon faifai biyu yana iya zama ɗaya daga hanyoyin ɗura.

Ba kowa ya yarda ba. A shekarar 2019 ɗin dai, tawagar García-Burillo ta duba wurin da wasu siginoni, ta ce abin da ake gani a matsayin juyawa ta baya zai iya kasancewa gas ne da iskar ramin ke ture wa waje ta jikin gammon. Masatoshi Imanishi na Japan, da nasa ma'aunin, ya ga alamar saɓanin juyawar shi ma. Tushen gardamar a fili yake: dabarar Doppler tana faɗin gudun da abu ke yi zuwa gare mu ko daga gare mu ne kawai, ba ta ganin motsin gefe. Ja da shuɗi iri ɗaya suna iya fitowa daga faifai mai juyawa ko daga gas mai tserewa. Ni dai a ganina, duk wanda ya yi gaskiya a cikinsu, gammon nan sumul na littafi ya riga ya mutu. Tarewar tana nan, ko a 2022 Violeta Gámez Rosas ta jami'ar Leiden ta nuna zoben ƙura mai kauri da ke rufe ramin na Messier 77, amma abin da ke tarewar ba gini ba ne. Ya fi kama da guguwa, wadda daga nesa take da siffa, in ka matso ka ga ƙura ce kawai ke shiga tana fita.

Ci kaɗan, zubar da yawa

Wanda ya fi kowa kusantar amsar tambayar kaurin nan shi ne Keiichi Wada na jami'ar Kagoshima, da kwamfuta. A lissafinsa gas yana gangarowa ta faifai siriri, ya iso kusa da wutar, zafin haske ya watsa shi sama da ƙasa, mafi yawansa ya kasa tserewa ya faɗo kan faifan, ya sake gangarowa. Kamar famfon da ya fashe a bakin titi, ruwa na tashi yana zubowa a inda ya fito. Wannan hawa da sauka shi ke ba gammon kauri.

An gwada wannan a garken Circinus, mai nisan shekarun haske miliyan 13, wanda ƙurar garkenmu ta ɓoye shi har sai cikin shekarun 1970. Takuma Izumi na cibiyar nazarin taurari ta Japan ya duba shi da ALMA, kuma a Nuwamban 2023 mujallar Science ta buga sakamako mafi kaifi, inda aka rarrabe abubuwa har zuwa kusan shekarar haske ɗaya. Sun ga inuwar gas mai kauri a gaban hasken tsakiyar, inuwar tana nuna gas ɗin ciki yake nufa. Faifan ya yi nauyin da ya kasa ɗaukar kansa, yana dunƙulewa yana rugujewa, ta haka yake zubar da ƙarfin juyawarsa. Abin mamakin shi ne yawan abincin: ya ninka abin da ramin ke buƙata don haskensa kusan sau 30. Ƙasa da kashi 3 cikin 100 ne ke shiga. Sauran ana watso shi waje, kuma yawancinsa a hankali yake tafiya, zai dawo. Duk uwar da ta taɓa ba ɗan yaye kunu ta san irin wannan ci.

Akwai inda watsin ya wuce wasa. A garken Markarian 231, mai nisan kusan shekarun haske miliyan 600, Chiara Feruglio ta yi amfani da farantan Plateau de Bure da ke tsaunukan Faransa, a 2010 ta ba da rahoton ganin kabon monoksaid na tserewa da gudun kilomita 750 a daƙiƙa, kimanin nauyin rana 700 a shekara. Garkenmu duka-duka rana ɗaya ko biyu yake haifa a shekara. Daga irin wannan ne aka gina ra'ayin cewa baƙin rami yana iya kashe garken da ya raine shi, ya share gas ɗin da ake yin taurari da shi. Ra'ayin yana da madogara, domin tun wajajen 2000 aka lura nauyin ramin yana tafiya kafaɗa da kafaɗa da girman tsakiyar garkensa, kamar ɗaya yana yi wa ɗaya awo.

Sai dai ina ganin ana saurin yanke hukunci a nan, musamman a kanun labarai. Alƙaluman nauyin nan duka ta hanyar ɗan rakiya ake samo su: a auna hasken kabon monoksaid, a ninka shi da wani adadi don a san yawan haidirojin. Adadin da ke aiki a gajimaren unguwarmu ba lallai ya yi aiki a gas ɗin da ake fatattaka kusa da wuta ba, kuma bambancin yana iya kai ninki huɗu ko biyar. Bayan haka, fita daga tsakiya dabam, barin garke dabam. Binciken da aka yi a kan garkuna da dama ya nuna ɗan kaɗan ne daga gas mai sanyin ke da gudun da zai tsere har abada.

Namu ramin, Sagittarius A*, yana nisan shekarun haske 26,000, nauyinsa rana miliyan 4. Auna shi ta hanyar bin taurarin da ke zagaya shi ne ya ba Reinhard Genzel da Andrea Ghez kyautar Nobel a 2020. Kewaye da shi akwai gas mai sanyi da ya kai nauyin rana miliyoyi goma-goma, amma shi a kwance yake, kusan da azumi. Ba kullum yake haka ba. Wasu daga gajimaren da ke kusa da shi suna ƙyalli da hasken eksire wanda gas mai sanyi ba zai iya yi da kansa ba. A 2022 tauraron ɗan'adam na IXPE ya auna wannan ƙyalli da dabara irin ta Antonucci da Miller, ta duban haske a jikin bango, ya nuna daga wajen ramin ya fito. Ramin ya taɓa farkawa na ɗan lokaci, ya haɗiyi wani abu, ya koma barci. Hasken da ya taho kai tsaye ya wuce ta kan duniya kusan shekara 200 da suka shige, wajajen zamanin Shehu Usmanu da Muhammadu Bello, lokacin da babu na'urar da za ta kama shi. Wanda ya bi ta kan gajimaren ya yi zagaye, shi ne yake isowa yanzu.